Yadda Ake Auna Faɗin Huji da Na'urar Awo Mai Hannu

Na'urar awo mai hannu tana da hannu mai gaɓoɓi da ɗan ƙwallo a ƙarshensa, wanda ake taɓa abin da za a auna da shi, manhajar kwamfuta kuma ta yi lissafin. Kafin a fara awo, a kafe gindin na'urar sosai, a ɗaure ƙarfen da za a auna yadda ba zai motsa ba, sannan a goge mai da ɓurɓushin da ke bakin hujin. A daidaita ƙwallon da ke kan hannun na'urar da ƙwallon gwaji, wato wani ƙwallo mai sanannen girma, domin manhaja tana amfani da girman ƙwallon hannun wajen lissafi, kuma kuskure kaɗan a nan yakan bi duk awon da za a yi.

Zafi ma yana da tasiri. Zafin da aka amince da shi a duniya wajen awo shi ne digiri 20 na Celsius, kuma hujin milimita 100 a jikin alminiyam yakan ƙaru da kusan milimita 0.012 idan zafi ya hau da digiri 5.

A fara taɓa saman da hujin yake, saboda a kansa manhaja za ta shimfiɗa da'irar. Ɗigo uku, wato wurare uku da ƙwallon ya taɓa a bangon hujin, sun isa su ba da da'ira, amma ba za su nuna ko hujin ya karkace ba, don haka ya fi kyau a ɗauki takwas ko fiye, a warwatsa su kewaye da bangon, ba tare da danna ƙwallon da ƙarfi ba. Idan hujin yana da zurfi, a auna shi a matsayin silinda, sama da ƙasa.

Idan sanda za ta shiga ciki, a zaɓi lissafin da'ira mafi girma da za ta iya zama a hujin, maimakon matsakaiciya. A gwada na'urar da zoben gwaji mai sanannen faɗi kafin a amince da sakamakon.