Yadda ake sauka a mota daga Ɗa'ifa zuwa Jidda, a yi Umara a hanya

Wannan tafiya ba ta kai nisan Kano zuwa Kaduna ba. Daga Ɗa'ifa zuwa Makka kusan kilomita 90 ne, daga Makka zuwa Jidda kuma kusan 80. Sai dai a ɗan wannan tsakani za ka gangaro daga tsaunukan Sarawat, inda Ɗa'ifa take a bisan da ya kai mita 1,800, har bakin Bahar Maliya. Kuma miƙati yana can sama ne, kafin gangara. Wanda ya manta da wannan, ko ya juya mota ko ya yi yanka.

Da farko, ka gyara takardunka. Ka nemi izinin Umara a Nusuk, manhajar Hajji da Umara ta gwamnatin Saudiyya, ka riƙe fasfo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Kada ka tsara tafiyar a makonnin aikin Hajji, domin a lokacin ba a barin kowa ya shiga Makka sai mai izinin Hajji. In motar haya za ka ɗauka, ka faɗa musu tun wuri cewa a Jidda za ka ajiye ta, don galibi hakan yana da nasa kuɗin. Ka taka birki ka ji, ka duba tayoyi. Hannun dama ake bi kamar a gida, amma kyamarorin Saher, masu kama direban da ya karya dokar hanya, ba su san magiya ba.

Na biyu, ka kwana a Ɗa'ifa. A ganina wanda ya wuce garin a guje ya yi asarar rabin tafiyar. Ka yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, sahabin da ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan Hijira. Nan ne garin da Annabi (SAW) ya zo a shekara ta goma da aiko shi, mutanen suka jefe shi, ya fake a wata gonar inabi inda bawan nan Addas ya kawo masa inabi. Akwai ƙaramin masallaci mai sunan Addas har yau. Ka sayi rumman da inabi na guzuri. In ka zo a Maris ko Afrilu za ka tarar ana tsinkar furen wardi. Turarensa ka saya, amma ka jefa shi can ƙasan jaka, domin gobe kana cikin harami.

Na uku, ka zaɓi hanya, domin kowace da nata wurin ɗaura harami. Hanyar Sail ta fi tsawo amma ta fi sauƙin tuƙi, kuma a kanta miƙatin Ƙarnul Manazil yake, a Sailul Kabir. Hanyar Hada ita ce mai kwana-kwana, wadda ta nannaɗe dutsen Kara, kuma masu bin ta a masallacin Wadi Muhrim suke ɗaura harami. In kana son ganin ikon Allah, bi Hada. In akwai dattijuwa mai jiri a motar, ko hannunka bai faɗa da tuƙin gangara ba, bi Sail, ba abin kunya ba ne. Wani lokaci ma hukuma ce ke zaɓa maka, don ana rufe Hada idan ruwa ko hazo ya yi yawa. Ka tambaya a masauki kafin ka fita.

Na huɗu, harami. Ka yanke farce ka yi wanka tun a masauki in kana gudun cinkoso. A miƙati namiji ya cire ɗinkakkun kaya ya ɗaura ƙyallaye biyu, ya bar kansa a buɗe. Mace kuwa tufafinta na sutura sun isa. A yi nafila raka'a biyu, a yi niyya, a fara Labbaika. Da hunturu iskar wurin tana ratsa ƙashi, sai ka yafa bargo a kafaɗa, ban da rufe kai. Direba ya ɗaure gyautonsa da bel sosai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce bari ya sauka ƙasa inda ake ɗumi tukuna. Ƙasa ta riga ta wuce miƙati.

Na biyar, gangara, in hanyar Hada ka bi. Ka yi ta da rana, bayan gari ya waye sosai. Sa mota a ƙaramar giya, inji ya riƙe ta, ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai rabi zai ji ƙauri, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Kada ka tsaya ɗaukar hoto sai a wuraren da aka faɗaɗa don haka. A nan za ka haɗu da gwaggon biri garke-garke. Rufe gilashi. Ba su da kunya ko kaɗan, ledar rumman ɗinka suke hari. Da ka sauka Kar, a gindin dutsen, hanya ta miƙe, zafi ya tarbe ka, ka wuce ta gefen Arfa.

Na shida, Makka. Kada ka yi gigin kai mota ƙofar Masallacin Harami. Ajiye ta a masauki ko a filin Kudai ka hau bas, ka ɗauki hoton inda ka ajiye ta. Ɗawafi bakwai, raka'a biyu, sa'ayi bakwai tsakanin Safa da Marwa, sannan aski ko saisaye. Ka huta kafin ka sake kama sitiyari. Ƙafar da ta gama sa'ayi da idon da bai yi barci ba, su ne haɗarin hanyar Jidda, domin shimfiɗaɗɗiya ce kuma kowa gudu yake.

Na ƙarshe, ka auna ka isa Jidda da la'asar. Tun zamanin Sayyidina Usman garin ya zama tashar jiragen ruwan Makka, kuma tsohuwar unguwar Balad, mai gidajen dutsen teku da tagogin katako, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014. Zaga ta da ƙafa, lungunanta ba na mota ba ne. Daga nan ka nufi bakin teku ka yi magariba a masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa. Yanzu kana iya zaro turaren wardin nan.