Yadda Ake Ɗinka Jaket ɗin Matuƙan Jirgin Yaƙi da Fatar Jar Akuya

Da zarar hunturu ya kama, mai babur ɗin da zai yi sammako daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san amfanin rigar da iska ba ta ratsawa. Yawancin abin da ake samu a gwanjo leda ce da aka yi wa kamannin fata, shekara ɗaya sai ka ga tana ɓarewa a wuya da gwiwar hannu kamar bawon albasa. Gajeren jaket ɗin nan mai roba a ƙugu da wuyan hannu yana da asali, kuma tela ko baduku mai haƙuri zai iya fitar da na gaskiya da fatar da ke ƙofar gidansa.

Sunan asalin A-2. Rundunar sojan sama ta Amurka ce ta tsayar da shi a 1931, matuƙa jirgi suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da shi. An fara da fatar doki, daga baya aka shigo da ta akuya da ta saniya, launinsa ruwan ƙasa, wani mai ja-ja wani mai duhu. Sojan ruwa nasu daban ne, wanda aka sani da G-1 tun 1947, na fatar akuya mai gashi a kwala. Akwai kuma B-3 na Amurka da Irvin na Ingila, waɗanda aka yi da buzun tumaki da gashinsa saboda sanyin sararin sama. Waɗannan biyun ka bar su, ko a tsakiyar Janairu zufa za su haɗa wa mutum a Ringim. A-2 shi ne daidai da yanayinmu kuma shi ne mafi sauƙin ɗinki. Kamfanonin da ke kwaikwayonsa yanzu, irin su Eastman Leather a Ingila da The Real McCoy's a Japan, abin da ke sa nasu tsada shi ne bin tsarin asali sau da ƙafa, har yawan ɗinkin da ke cikin inci ɗaya.

Siffar da ba a taɓawa ita ce: baya falle ɗaya ba ɗinki a tsakiya, gaba falle biyu, kowane hannu falle biyu, kwala irin ta shat mai maɓallin matsawa a ƙarƙashin kowane kunne, maɗauri a kan kowace kafaɗa, aljihu biyu na ɗorawa masu murfi, zif na ƙarfe da wani harshe na fata da ke rufe shi, sai roba saƙaƙƙiya a ƙugu da hannuwa. Babu aljihun gefe na zura hannu, babu na ciki. In mai riga ya ce a sa masa aljihun ciki saboda waya, ba laifi, amma a gaya masa ƙari ne.

Zaɓen fata

Nan ne rabin aikin yake. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda ake kiwo har Kano da Jigawa, ita ce ayari ya riƙa tsallaka Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Tana da ƙarfi fiye da kaurinta, fuskarta na da ƙananan ƙwayoyi masu kyau, ba ta saurin yagewa kamar ta tunkiya. Matsalarta ƙanƙanta. Jaket na matsakaicin mutum yana cin murabba'in ƙafa 30 zuwa 35 na fata, akuya ɗaya kuwa murabba'in ƙafa 4 zuwa 6 take bayarwa. Ka lissafa fata takwas, ka ƙara ɗaya saboda tsautsayi. Ka saye su lokaci ɗaya daga rini ɗaya, don in ka koma neman ciko bayan mako biyu da wuya launin ya zo daidai, sai ka ga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Cikin taran nan dole a samu babba guda, ta ƙaton bunsuru ko taure, wadda za ta ba da falle mai faɗin inci 24 da tsawon inci 24 ba tare da an shiga gefen ciki ba. Ita ce bayan riga. In ba a samu ba, gara a raba bayan biyu da ɗinki a tsakiya da a ja shi zuwa fatar ciki, domin fatar ciki da ta hammata sakwaf take, tana miƙewa, wata uku sai rigar ta karkace.

Kowace fata ka ɗaga ta ga hasken rana ka duba ta baya. Inda mahauci ya yi gaggawa wajen fiɗa za ka ga sawun wuƙa, wurin ya yi siriri har haske na ratsowa, kuma nan ne zai fara ɓulewa. Ta fuska ka nemi karcen ƙaya, cizon kaska da tabon ƙazuwa. Ka zagaye su da alli. Ƙaramin karce ba ya hana aiki in za a ɓoye shi a ƙarƙashin hannu ko cikin kwala. Sai ka naɗe gefen fatar gida biyu ka matsa da yatsa: in fuskar ta tsage, an shanya ta a rana tun tana ɗanya ko ta bushe da yawa, kada ka saya. Kaurin da ake so milimita 1 zuwa 1.2. Abin da ya fi haka keke ba zai ja shi ba inda falle huɗu suka haɗu, abin da bai kai ba kuwa rigar za ta faɗi a jiki ba ta tsaya ba.

Sai maganar jima. Jimar bagaruwa ta majemanmu tana da ƙamshi da kyau, tana ƙara armashi in ta tsufa, amma tana da hali uku: tana da tauri, ruwa na barin mata tabo, kuma duk ƙarfe mai tsatsa da ya taɓa ta tana jiƙe sai wurin ya yi baƙi. Jimar kamfani irin ta Challawa da Sharaɗa, wadda ake yi da sinadarin kurom, ta fi laushi da jure ruwa, kuma kaurinta ɗaya daga wuya har wutsiya saboda inji ne ya feƙe ta. Mai fara koyo ya ɗauki ta kamfani. Gane su ba wuya: ka yanki ɗan ƙyalle ka duba bakin yankan, ta kurom sau da yawa tsakiyarta toka-toka ce mai shuɗi-shuɗi, ta bagaruwa ruwan ƙasa. Ka jefa ƙyallen a tafasasshen ruwa, ta bagaruwa nan take za ta ƙanƙance ta yi tauri. Wanda ya nace sai ta bagaruwa, ya roƙi majemi ya ƙara mata mai da murza, sannan ya goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In rini ya fito a jiki, haka zai fito a wuyan farar shaddar mai riga ranar Juma'a, kuma ba za ka ji da daɗi ba.

Awo da gwaji

A auna mutum yana sanye da abin da zai riƙa sa wa a ciki. In ƙirjinsa inci 40 ne, rigar ta zama 44 zuwa 45. Kafaɗa wajen 18, hannu daga kafaɗa har ƙarshen roba wajen 25, tsawon baya daga gindin kwala har ƙarshen roba 24 zuwa 25. Gajeriyar riga ce, iyakarta bel, saboda an yi ta ne don mutumin da ke zaune a kujerar jirgi. Telolinmu sun saba da yalwa, hannu na kai su ga ƙara tsawo da faɗi, sai rigar ta fito kamar buhu. Ramin hammata kuma a ɗaga shi sama. In ya yi ƙasa, duk sanda mutum ya miƙa hannu rigar gaba ɗaya za ta biyo shi.

Kada almakashi ya taɓa fata sai an ɗinka gwaji da akoko mai kauri ko tsohon yadin kaki. A sa wa mai riga, a ce masa, "Alhaji, zauna ka miƙa hannu kamar ka riƙe kan babur." In baya ya ɗaure ko hannu ya janye ya bar agogo a waje, a gyara a nan, sannan a farke gwajin a kwafe shi a kwali. Dalilin duk wannan wahala ɗaya ne: hujin allura a fata ba ya rufewa. In ka farke ɗinki, layin ramukan na nan har abada.

Wajen yanka, a shimfiɗa kwalin ta yadda tsawon kowane falle zai bi layin gadon bayan akuyar, daga wuya zuwa wutsiya. Gaba biyu daga fata biyu masu kama da juna. Kwala da murfin aljihu daga wuri mafi tsafta, don su ido ke fara gani. A yanka falle ɗaya-ɗaya da sabuwar reza ko aska a kan katako, a bar santimita 1 na ɗinki, kuma a tuna a kifa kwali wajen fitar da hagu, don ba ƙaramin baƙin ciki ba ne ka tarar da hannun dama biyu.

Ɗinki

Keken gida na ƙafa zai iya falle biyu, amma a kafaɗa da gindin zif zai riƙa tsallake. In akwai baduku ko mai ɗinkin kujerun mota da ke da keken masana'anta wanda ƙafar da ke danne fata take tafiya tana jan ta, a kai masa waɗannan wuraren. Allura ta fata ce mai bakin mashi, lamba 18 ko 19, da zaren nailan mai kauri. A saita ɗinki 7 zuwa 8 a inci. In ka matse shi kamar na shadda, ramukan za su haɗe su zama layin yagewa. In ƙafar keke na maƙalewa a fuskar fata, a sa ƙafar roba, ko a ɗora siririyar takarda a ɗinka ta kanta sannan a yage. Ba a sa fil, ba a sa dutsen guga. Ana riƙe falle da ɗan gam a cikin bakin ɗinki ko da maƙalen shanya, sannan bayan ɗinki a buɗe bakin, a shafa gam kaɗan, a kwantar da shi da guduma a kan katako mai santsi. Inda falle da yawa za su haɗu, a feƙe bakin kowanne ta baya da aska har ya koma rabin kaurinsa.

A fara da aljihu tun gaba na shimfiɗe, kowanne wajen inci 6 faɗi da 6 da rabi tsawo, a danne kusurwoyin sama da ƙarin ɗinki. Daga nan a haɗa kafaɗa a ɗora maɗaurinta, a ɗinke kowane ƙarshe da murabba'i mai gicciye a ciki. Sai hannuwa. Kan hannu kada ya wuce ramin hammata da fiye da rabin inci, domin fata ba ta shanye rara kamar yadi, tattarewa take yi. Sai kwala, sai zif na tagulla mai inci 22 zuwa 24 da harshensa. Kafin ka ɗinka ɓari na biyu na zif, ka zuge shi ka sa alamar alli daidai murfin aljihu a ɓangarorin biyu, in ba haka ba aljihu ɗaya zai fi ɗaya hawa.

Duk maɓallin matsawa da ƙananan hujin iska biyu na hammata a buga su kafin a rufe shafi, kowane da ɗan ƙyallen fata a bayansa don kada ya fizgo. Robar ƙugu a yanke ta ta gaza bakin riga da kamar kashi ɗaya cikin biyar, a naɗe ta biyu ta zama inci 3, a ja ta daidai wa daida yayin ɗinki. Ta asali ulu ce. In ba a samu a Kantin Kwari ba, ana ciro mai kyau daga tsohuwar suwaita ta gwanjo, a dai ja ta a gani ko tana komawa.

Shafi na auduga ne ruwan ƙasa, yadi 2 ya isa. A wanke shi ya bushe kafin a yanka, a kuma bar ninki na inci 1 a tsakiyar baya. Shafin da ya yi ɗamas da fata shi ke fara yagewa a hammata. A haɗa shi da rigar ta bai-bai, a bar kafa a shafin hannu ɗaya, a juyo rigar ta nan, a rufe da hannu, sannan a bi kwala da gaba da ɗinkin sama.

Hafsoshin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kowa na ƙawata nasa: siririn ƙyallen fata mai suna a ƙirjin hagu, tambarin runduna, wasu har da zanen fenti a baya. Waɗanda suka yi aiki a fagen yaƙin ƙasar Sin da ƙasar Bama (Myanmar ta yau) sukan ɗinka wani ƙyalle mai rubutun Sinanci da ke roƙon a taimaki matuƙin in jirginsa ya faɗi. Suna dai a buga wa mai riga, dukawa sun iya wannan tun kaka da kakanni. Amma anini, igiya ko tambarin sojan Najeriya kada ka sa wa farar hula ko ya roƙa, don a shingen farko zai yi bayani, kuma za a tambaye shi wa ya ɗinka.

In an miƙa riga, a gaya wa mai ita kada ya rataye ta a ƙusa, ƙusa na fitar mata da tozo a wuya, hanga mai faɗin kafaɗa ake so. In ruwa ya dake ta, ta bushe a inuwa, ba a rana ko kusa da murhu ba. Da damina kada a ƙulle ta a leda ko a ƙasan adaka, fumfuna za ta hau ta, a riƙa fito da ita tana shan iska. Farkon hunturu a goge ƙura da ɗan danshin tsumma, a shafa man fata marar launi kaɗan, bayan an gwada a cikin kwala an ga bai sauya launi ba. Man gyaɗa da manja a bar su a kicin, suna yin hamami, suna kuma gayyato ɓera da kiyashi.