Yadda ake auna zafin da haɗuwar asid da soda ke fitarwa

A darasin kemistiri na aji biyu na babbar sakandare, gwajin haɗa asid da soda yana cikin masu sauƙi, amma ɗalibai da yawa nan suke zubar da maki. Sai yaro ya yi awo daidai, lambobinsa su fito tsaf, a layin ƙarshe ya ɓata komai da alama ɗaya. Bari mu bi aikin daga farko, mu tsaya sosai inda ake tuntuɓe.

Kayan aiki ba su da yawa: tamomita, silindar awo, ruwan HCl (shi ne asid ɗin) mai ƙarfin mol 1 a lita (mol ma'aunin yawan sinadari ne), ruwan NaOH (wato kostik soda) shi ma mol 1 a lita, da kofin fom mai murfi. Kada ka yi amfani da kofin gilashi, balle na ƙarfe, domin suna shanye zafin da kake son aunawa. In babu kofin fom, sa kofin roba cikin wani kofin roba, ka cusa auduga a tsakaninsu, ka yanko kwali ka huda shi ya zama murfi. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma yana aiki.

Ruwan NaOH a haɗa shi tun jiya: giram 40 a narkar, a cika ruwa ya kai lita ɗaya. Masu haɗa sabulu sun san abin da kostik soda ke yi idan ta shiga ruwa, bokitin har ɗumi yake ɗauka a hannu. Wanda ya haɗa da safe ya yi gwaji nan take, ruwansa na ɗauke da zafin narkewa, lissafinsa ya lalace tun kafin ya fara. Ka sa safar hannu da tabarau, soda ba ta wasa da ido.

Auna 50 cm³ na asid ka zuba a kofi, ka rubuta zafinsa. Wanke tamomita, ka goge, ka auna na sodar. In sun ɗan bambanta, ɗauki matsakaicinsu. Sai ka juye 50 cm³ na sodar cikin asid a lokaci guda, ka rufe, ka riƙa motsawa a hankali, idonka na kan tamomita. Lambar za ta hau da sauri, ta tsaya, ta fara saukowa. Mafi girman lambar da ta kai ita za ka rubuta. Wanda ya juya yana hira da abokinsa zai dawo ya tarar ta riga ta sauko.

Mu ce ka fara da digiri 29.0, ka ƙare da 35.5. Bambancin 6.5 ke nan. Ƙa'idar ita ce q = mcΔT: q shi ne zafin da ruwa ya karɓa, m nauyin ruwan, c zafin da giram ɗaya ke buƙata don ya hau digiri ɗaya, ΔT kuma bambancin zafin. A wurin m ake fara zamewa: wasu sai su sa 50, alhali ruwan da ya yi zafi duka biyun ne, wato giram 100, tun da ana ɗaukar kowane cm³ ɗaya a matsayin giram ɗaya. Shi kuwa c na ruwa 4.18 ne, amma a takardun jarrabawa yawanci 4.2 ake bayarwa. Don haka 100 × 4.2 × 6.5 ya ba ka jul 2,730 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Mol nawa na ruwa aka samar? 50 cm³ na mai ƙarfin mol 1 a lita yana ɗauke da mol 0.05, kuma mol ɗaya na asid da mol ɗaya na soda ruwa mol ɗaya suke samarwa, don haka ruwan ma mol 0.05 ne. Raba 2,730 da 0.05, ka samu jul 54,600, wato kilojul 54.6 a kowane mol.

To, ga wurin da nake so ka nutsu. Ɗalibi yana ganin zafi ya ƙaru sai ya rubuta ΔH, wato canjin makamashin sinadaran, ya zama +54.6, a ransa abin da ya ƙaru ai tarawa ne. Tambayi kanka: tamomitar nan a cikin me take? A cikin ruwa take. Zafin ruwan take faɗa maka, ruwan kuwa karɓa ya yi. Wanda ya bayar su ne sinadaran da suka haɗu, kuma ΔH lissafin aljihunsu ne. Kamar ɗan kasuwa ne da ya miƙa wa yaronsa kuɗi: aljihun yaro ya cika, amma a littafin maigida ragi za a rubuta. Saboda haka amsar ita ce ΔH = −54.6 kJ a kowane mol. Duk haɗuwar da ta ɗumama abin da ke kewaye da ita ekzotamik ce, alamarta ragi. Wadda ta sanyaya shi endotamik ce, alamarta tarawa. Ni dokata ga ɗalibai ita ce a rubuta alamar kafin a taɓa kalkuleta, da zarar an ga inda tamomita ta nufa.

Daga ina zafin ya fito? Tsinka haɗin da ke tsakanin atom da atom cin makamashi yake yi, ƙulla sabon haɗi kuma shi ke sakin makamashi. Yara da yawa suna juya wannan. A gwajinmu, H⁺ na asid da OH⁻ na soda ne suka ƙullu suka zama ruwa, wannan ƙullin ne ya saki zafin. Shi ya sa ko da asid ɗin HNO₃ ka sa a madadin HCl, ko KOH, ɗan'uwan soda, a madadin NaOH, kusan amsa ɗaya za ka samu.

A littafi za ka ga kimanin −57. Kada ka gyara lambarka don ta yi daidai da shi. Kofi ya sha wani zafin, iska ta tafi da wani, sai ka rubuta hakan a bayaninka, malami zai ba ka makinsa.

In kana son ganin ɗaya ɓangaren, ɗebo cokali biyu na takin yuriya ka narkar a rabin kofin ruwa. Tamomita za ta sauka da digiri da dama, kofin ya yi sanyi a tafin hannu. Lissafin iri ɗaya ne, sai dai ka auna nauyin takin tukuna, ka raba da 60 (nauyin mol ɗaya na yuriya a giram) don samun mol, kuma wannan karon alamar tarawa ce.