Yadda za ka samu malamai mata a makarantarka kuma su zauna

Idan kai ne shugaban makaranta aka tambaye ka malamai mata nawa gare ka, kar ka yi saurin faɗin lamba. Ɗauko rajistar ma'aikata da jadawalin darussa, ka ƙirga aji aji. Yawanci za ka tarar matan sun cika nazare da ƙananan ajujuwan firamare, daga nan sai su fara raguwa, kafin ka kai babbar sakandare da ƙyar ka ga mace riƙe da alli a darasin lissafi ko kimiyya. Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma haka suke, a duniya sama da kashi 90 cikin 100 na malaman nazare mata ne, a firamare wajen biyu bisa uku, ana hawa sama suna raguwa, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa ko rabin malaman sakandare ba su kai ba. To kuma a ajujuwan nan na sama ne yarinya ta fi buƙatar malama, lokacin da ta fara al'ada, jini ya ɓata mata siket tana zaune a benci an tashi tara ta ƙi motsi, wa za ta faɗa wa?

Kafin ka fita neman sababbi, riƙe na hannunka tukuna. Malama ba kasafai take barin aiki don ta gaji da koyarwa ba, ƙananan abubuwa ne suke taruwa mata har ta ce ta haƙura. Mai shayarwa ce amma an jera mata darasi huɗu ba hutu, an kuma sa mitin ɗin malamai bayan an tashi, sannan gobe a ce ba ta da himma, haba. Zauna da ita lokacin tsara jadawali, ka bar mata gurbi a tsakiya, mitin kuma a yi shi cikin lokacin aiki. In da ɗaki da ba a amfani da shi a share, a sa tabarma da ruwa a samu mai raino, jarirai su zauna kusa da iyayensu.

Hutun haihuwa kuma ba alfarma ba ne. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce kada ya gaza mako 14, sai ka duba abin da dokar ƙasarku ta tanada. Tun 1966 ma ita Ƙungiyar Ƙwadagon da UNESCO suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, a ciki aka ce aure ko ciki kada ya zama dalilin hana mace aiki ko sallamarta, kuma a yi ƙoƙarin tura mai iyali makarantar da ke kusa da gidanta. Nemi wanda zai riƙe ajin malama mai ciki tun cikin yana wata shida, ba sai ranar da ta tafi ka fara kame-kame ba.

Banɗaki: na mata daban, da ƙofa mai sakata da ruwa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai ɗaukar sababbi. A kwamitin intabiyu sa mace ko da ɗaya ce, kuma a daina tambayar nan ta yaushe za ki yi aure ko 'ya'ya nawa kike so ki haifa, tunda ba a yi wa namiji ita. Ɗalibanka mata masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya, nuna musu hanyar kwalejin horar da malamai tun suna ajin ƙarshe, in sun zo gwajin koyarwa ka karɓe su, galibi 'yar gari ta fi baƙuwa daɗewa.

Kuma don Allah kar duk malamar da ta zo a jibga mata kwamitin walwala da rabon abinci ranar biki. Ka ba ta shugabancin sashe, ka naɗa ta jami'ar jarrabawa, tura ta bita in an kira. Su ma mazan ka sauko da ɗaya ko biyu ƙananan ajujuwa, yara su ga koyar da ƙanana ba aikin mata kaɗai ba ne. Ƙarshen kowane zango ka sake ɗauko rajistar nan ka ƙirga, wadda ta ajiye aiki kuma ka kira ta ka tambaye ta dalili, ka rubuta.