Yadda za a kiyaye garkuwar fata a zafin Makka

Fatar mutum tana ƙera maganinta da kanta. Akwai wasu ƙananan furotin da take fitarwa, su manne wa ƙwayar cuta su huda bangonta ta mutu. Ɗaya daga cikinsu, dermcidin, wanda aka gano a Jamus a 2001, cikin gumi yake fitowa. Wani kuma mai suna LL-37 yana ƙaruwa ne da zarar an ji rauni, kuma bitamin D ke zaburar da jiki ya samar da shi. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, wato wajen 5 a ma'aunin tsami da ake kira pH.

Alhaji, Hajiya, yawancin ɓarnar a banɗaki ake yin ta. Sabulun wanka na dunƙule yana kai pH 9 zuwa 10, wato yana rage wa fata tsaminta. In aka haɗa shi da soso mai kaushi sau uku a rana saboda zafi, an rage maiƙon fata da furotin ɗin. A yi sabulu sau ɗaya, marar ƙamshi (mai harami dama an hana shi turare), a hammata, matsematsi da ƙafafu. Sauran wankan ruwa zalla ya isa, kada ya wuce minti 10. A shafa mai cikin minti 3 da fitowa, tun jiki da danshi, domin sanyin na'urar ɗaki yana busar da fata har ta tsage.

Gumi yana da amfani, amma in ya kwanta a lungun jiki sai fata ta jiƙe ta yi laushi, cinya ta goge cinya a hanyar Mina zuwa wajen jifa, wurin ya saɓule. Ta nan ƙwayar Staphylococcus aureus mai kawo maruru ke shiga. Kafin fita a shafa basilin a matsematsi, a canja harami in ya jiƙe sharkaf.

Man bilicin mai sinadarin siteroyid yana sirantar da fata, ya danne kariyarta. A daina shi bisa shawarar likita.

Ƙarancin bitamin D ya yawaita a Saudiyya duk da ranar da ake ƙwallawa, saboda zaman ɗaki. Mazauna Jidda da Madina su yi gwajin jini kafin su fara shan ƙwayar bitamin D.

In rauni ya kumbura, yana zafi, yana ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti a ranar, musamman mai ciwon suga.