Yadda za ka gane aikin Ivan Zajec in ka shiga Lubliyana

In Allah ya kai ka Lubliyana, babban birnin Sulobeniya, kana son sanin waye mai sassaƙa Ivan Zajec, kar ka fara da gidan tarihi, ka fara da dandalin Prešeren da ke bakin gadojin nan uku da suka haɗe waje ɗaya. Nan babban aikinsa yake, mutum-mutumin tagulla na mawaƙi France Prešeren wanda baitinsa ne taken ƙasar. An buɗe shi a 1905.

Ka je da sassafe kafin masu ɗaukar hoto su cika wajen. Da farko ka tsaya nesa ka kalli abin gaba ɗaya, amma ka sani gindin dutsen ba aikin Zajec ba ne, Max Fabiani ne ya zana shi, mutane da yawa suna haɗe musu aikin. Sai ka matso ka ɗaga kai, akwai wata mace zaune saman kan mawaƙin da reshen ganye a hannu, rabin jikinta ba sutura, kuma ita ce ta jawo surutu lokacin don kuwa cocin Faransiskan na nan daf da wajen, bishop ɗin garin Jeglič bai ji daɗi ba ko kaɗan.

To ga abin da na fi so. Ka koma bayan mutum-mutumin ka bi inda idonsa ke kallo, za ka hango siffar wata mace a jikin bangon wani gida a titin Wolfova. Julija Primic ke nan, wadda Prešeren ya yi ta yi wa waƙa bai same ta ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kawai mutumin na kallon titi ne.

Shi Zajec ɗin a 1869 aka haife shi a garin nan, babansa Franc Ksaver ma mai sassaƙa ne, gado ya yi, sannan ya je Biyana, babban birnin Ostiriya, ya yi karatu, ya rasu a 1952.

In ka gama sai ka taka zuwa Narodna galerija, wato gidan zane na ƙasa, ba nisa da ƙafa, suna da ayyukansa a can. Kafin ka shiga ka leƙa bakin lambun Tivoli ka ga mutum-mutumin Primož Trubar, marubucin littafin farko da aka buga da harshen Sulobeniya, da Franc Berneker ya yi, zamaninsu ɗaya da Zajec amma hannun ba ɗaya ba, ka kwatanta fuskokin biyu da idonka. Kar dai ka je ranar Litinin, gidan zanen a rufe yake.