Kafin ka je gidan tarihin yaƙin basasa

Jama'a ga 'yar shawara ga mai niyyar leƙa irin gidajen tarihin nan na yaƙin basasa, ko na Umuahia ne a jihar Abiya ko na Gettysburg a Amurka. Ka ɗan karanta labarin yaƙin tun daga gida, ko da shekarun ne kawai da su wa da wa aka gwabza, na Najeriya 1967 zuwa 1970, na Amurka 1861 zuwa 1865, in ba haka ba wallahi tsofaffin ƙarafa kawai za ka yi ta kallo ka fito ba ka tsinci komai ba.

Kuma kar lokacinka ya ƙare a gindin motocin yaƙi ana ta ɗaukar hoto, nemi ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi ka dame shi da tambaya. A Umuahia ka ce ya nuna maka Ogbunigwe, bam ɗin da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu, ni a ganina ya fi komai ban mamaki a wurin.

Sannan don Allah a iya baki, banda wasa da musun wa ke da gaskiya, na kusa da kai ƙila kakansa a yaƙin ya rasu kuma ba lallai ɓangarenku ɗaya ba. In da yara ka fara shiga ka duba, wasu hotunan akwai tayar da hankali.